Hanyar da ba ta biyuwa sai da jif: Ibeto da tsofaffin turbobin fatake

Duk shekara, da zarar ruwan Agusta ya zauna, Ƙaramar Hukumar Magama ta Jihar Neja takan rabu gida biyu. Akwai garuruwan da suka yi sa'ar zama a bakin babbar hanya, irin su Ibeto da ke yamma da Kontagora a kan hanyar Yawuri. Akwai kuma ƙauyuka da tungaye da rugage da ke can ciki, waɗanda ba a isa gare su sai ta burji, ko ta wata turba da kofaton shanu da tayar babur suka fitar. Na bakin hanya sukan ci gaba da harkokinsu, ko da ramuka. Na ciki kuwa sukan koma tamkar mazauna tsibiri har sai ruwa ya ɗauke. Wanda ya je tasha a irin wannan lokaci yana neman motar da za ta shiga da shi ciki, amsar da zai samu guda ce: hanyar ba ta biyuwa, sai dai mai taimako.

Mai taimako ita ce motar da injinta ke iya juya ƙafafunta huɗu gaba ɗaya, irin su Hilux da Land Cruiser da sauran waɗanda jama'a ke haɗa su a kira su jif. Motar da aka saba gani, ƙafa biyu kawai injin ke turawa, sauran biyun bi suke yi. Idan ɗaya daga cikin masu turawar ta faɗa laka, sai ƙarfin injin ya zurare zuwa gare ta, ta yi ta juyawa a banza tana watsa taɓo, 'yar'uwarta kuma ta tsaya cik. Shi ke nan mota ta kafe. Mai taimako kuwa tana da akwatin giya na biyu da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, tana da ƙaramar giya mai rage gudu ta ninka ƙarfin ja, ga cikinta a ɗage yadda dutse ba zai dake shi ba. Abin sha'awa ce ga duk mai son ƙarfe, ba a musun wannan.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba game da ita. Idan ta ratsa jiƙaƙƙiyar hanya ta wuce, ba ta barin hanyar yadda ta same ta. Tayoyinta, da na manyan motocin da ke kwasar hatsi da gawayi, sukan haƙa layuka biyu masu zurfi. Ruwan da zai sauka bayansu ba ya neman wata mafita, waɗannan layukan zai bi, yana ƙara yashe su, har abin da ya fara a matsayin sawun taya ya zama kwazazzabo kafin damina biyu. Wato mai ƙarfin ya wuce, amma da wucewarsa ya ƙara rufe hanya ga mai ƙaramar mota, da mai amalanken shanu, da ɗan acaɓan da ya ɗauko mace mai naƙuda. Wannan shi ne hoton yadda ake tafiyar da al'amarin hanyoyin karkara a ƙasar nan baki ɗaya.

Domin a tsaya a duba, su wa ke da irin waɗannan motoci? Ba manomin da ke noma masara da dawa da gyaɗa a bayan Salka ko Auna ba, ba kuma matan da ke tsintar kaɗanya ba. Motocin hukuma ne, da na jami'an tsaro, da na ƙungiyoyin agaji, da na 'yan siyasa waɗanda kan tuna da ƙauye idan zaɓe ya matso. A watan Oktoban 2023, lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan sayen manyan jifa-jifai ga sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, waɗanda rahotanni suka ce kowace ta kai kimanin naira miliyan 160, hujjar da shugaban kwamitin kula da hidimomin Majalisar Dattawa, Sanata Sunday Karimi, ya kawo ita ce lalacewar hanyoyin Najeriya. Bai yi ƙarya ba, hanyoyin sun lalace. Amma hujjar tana da ban tsoro idan aka juya ta. Waɗanda aka ɗora wa alhakin ware kuɗin gyaran hanya sun samo wa kansu maganin rashin hanya, da kuɗin jama'a, alhali jama'ar na nan a bakin rafi suna jiran ruwa ya janye. Wanda ramin hanya bai taɓa hana shi isa inda za shi ba, da wuya ramin ya hana shi barci.

A wasu ƙasashe, tuƙa mota mai taimako a kan duwatsu wasa ne da ake biya da tsada. A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wata turba da ake kira Rubicon, mai tsawon mil 22, wato kimanin kilomita 35, wadda ta ratsa tsaunukan Sierra Nevada zuwa kusa da Tafkin Tahoe. Asalinta hanyar ƙafa ce ta 'yan asalin ƙasar, daga baya a ƙarni na 19 ta zama hanyar keken doki. Da aka gina titunan zamani a wasu wurare sai aka bar ta, duwatsu suka bayyana, ta koma abin da mota ba ta iya bi sai da rarrafe. Tun daga 1953 masu jif ke taruwa a can duk shekara don gwada ƙarfin motocinsu da ƙwarewarsu, har kamfanin Jeep ya laƙaba sunan turbar ga wani samfurin motarsa. Mutum kan kwashe yini guda ko biyu kafin ya gama waɗannan kilomitoci 35, ya koma gida yana alfahari.

Bambancin da ke tsakanin wannan da abin da ke faruwa a bayan Ibeto ba na duwatsu ko na laka ba ne. Mai hawa Rubicon ya baro kwalta mai santsi a ƙofar gidansa, ya zo neman wahala da kansa, kuma idan ya gaji zai koma. Babu wanda asibitinsa ko kasuwarsa ke ƙarshen turbar. An bar hanyar da muninta ne da gangan, bayan an gama yi wa jama'a wata. Kuma ko a hakan ba a sakar wa masu jif mara ba. A 2009 hukumar kula da tsabtar ruwa ta yankin ta umarci ƙaramar hukumar El Dorado da hukumar gandun daji su magance zaizayar ƙasa da zubar mai da ƙazantar da masu wasan ke jawowa ga rafukan wurin. Dole aka gina gadoji a mashigan ruwa, aka yi magudanai, aka kafa bayi. Hanyar wasa ke nan ta samu kulawar da hanyar rai ba ta samu ba a nan.

Abin takaicin shi ne, idan tarihi ake nema, turbobin ƙasar Kontagora ba su da abin jin kunya a gaban kowace. Tun kafin Bature ya shata titi ko ɗaya a Arewa, yankin da ke tsakanin Birnin Gwari da Yawuri mashiga ce ta ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kasuwanci na Afirka ta Yamma, wato hanyar fataucin goro daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Ayari kan tashi da rani, da mutane ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da takarkarai da alfadarai. Madugu ne shugaba, shi ke yin ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin wucewa da na fito. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin yada zango, uban dawaki na kula da tattara abin da za a biya, malamin ayari kuma na riƙe da lissafi da addu'a. Su tafi da kanwa da tufafin saƙi da rini da jemammiyar fata da gabu, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa Borgu, su bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi har Salaga. Su juyo da huhunan goro, wanda tilas a riƙa kwance shi a hanya ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa, in ba haka ba a iso Kano da asara. Zuwa da dawowa kan cinye watanni shida, wani lokaci shekara.

Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da wannan fatauci. A nan akwai wurin ruɗuwa: Kambarin Barebari 'yan kasuwa ne masu asali daga Barno, ba su ne Kambarin da ke zaune a Ibeto da Salka da Auna ba, waɗanda manoma ne masu harsunansu da tarihinsu daban, kuma suna cikin daɗaɗɗun mazauna wannan ƙasa. Alhassan Ɗantata, wanda sunan gidansa ya cika Najeriya a yau, daga wannan fataucin na Gwanja ya fito. Hugh Clapperton, ɗan Birtaniyan da ya ratso daga bakin teku a 1826, ya ci karo da babban ayarin fataken Hausawa masu dawowa daga Gwanja a ƙasar Borgu, ya ƙetare Kwara, ya sauka a kasuwar Kulfo, sa'annan ya bi ta Birnin Gwari zuwa Zariya da Kano. Shekaru huɗu bayan haka 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka sauka a Yawuri. Abin da ya kashe hanyar sananne ne: karyewar daular Asante a hannun Ingila a 1874, yaƙin basasar Salaga na 1892, sai kuma jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911, wanda ya sa goro ya koma biyowa ta teku da Ikko.

Akwai wasu turbobin kuma da ba na kasuwa ba ne, na gudun tsira ne. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora a 1864, kuma daga zamaninsa har zuwa farkon 1901 da sojojin Turawa suka ci garin a lokacin ɗansa Ibrahim, yankin ya ga yaƙe-yaƙe da hare-haren kamun bayi da suka tarwatsa garuruwa da dama. Al'ummomi irin su Kambari da Kamuku da Dukkawa da Dakarkari da Gwari, wasu sun kewaye kansu da ganuwa, wasu sun haye duwatsu, irin waɗanda suka miƙa ta wajen Rijau da Kwatankwaro har zuwa Zuru. Bayan an samu zaman lafiya mutane suka sauko fili, suka bar kufai a sama da hanyoyin hawa da kakanninsu suka bi. Wannan ɓangare na tarihi ba shi da daɗin ji ga kowa, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Amma jikokin waɗanda suka kai hari da jikokin waɗanda aka kai wa a yau kasuwa ɗaya suke ci, sun yi auratayya, kuma hari ɗaya ke korar su daga gonakinsu. Babu abin da za su rasa idan aka rubuta abin da ya faru yadda ya faru.

Matsalar ita ce irin waɗannan turbobi ba su da mai su. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta fi sabawa da abin da ake iya ɗauka a sa a gilashi, ko ginin da ake iya kewayewa da waya. Hanya kuwa ba ta ɗaukuwa. Ko abin da ke ɗaukuwar ma, Neja ba ta cika riƙe nata ba: 'yar gadar ƙarfen nan ta Lugga da ke Zungeru, garin da ya kasance hedikwatar Arewa daga 1902, kwance ta aka yi a 1954 aka kai Kaduna, can take har yau. Amma akwai misali a cikin gida da ke nuna cewa hanya ma abin adanawa ce. Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, shi ne wuri na farko a Najeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya, a 1999, kuma cikin abubuwan da suka ba shi wannan daraja akwai hanyoyin hawa dutse da aka shimfiɗe da duwatsu tun zamanin kakanni. Da an bar jif da katafila sun bi ta kansu, da yanzu babu abin nunawa.

Ba za a rasa masu cewa ga dama ta samu ba: a tallata duwatsun Neja ta Arewa ga matasan Abuja da Legas masu manyan motoci, su zo su yi wasan hawa, a samu kuɗin shiga. Shawarar ba wauta ba ce, amma ba lokacinta ba ne, kuma Agadas ta isa darasi. Shekaru da dama birnin yana ci daga baƙin da ke zuwa a ɗauke su a Land Cruiser zuwa duwatsun Azbin da saharar Tenere, ga tseren motoci na Faris zuwa Dakar da kan ratsa ta yankin. Direbobi da makanikai da 'yan jagora da maƙeran azurfa duk sun samu abin yi. Tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka tsayar da komai. Tseren ma an soke shi a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka a shekarar da ta biyo. Motocin suna nan, direbobin suna nan, baƙi ne babu, har da yawansu suka koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya. Baƙon da ke biyan kuɗi don ya sha wahalar dutse ba ya biya don a sace shi.

Halin da Jihar Neja ke ciki kuwa ba ɓoyayye ba ne. An kwashe ɗalibai a Kagara a Fabrairun 2021, an kwashe na Islamiyya a Tegina a watan Mayun shekarar, an kuma maimaita a Papiri da ke Agwara a Nuwamban 2025. Gandun Dajin Tafkin Kainji, wanda ɓangarensa na Zugurma ke maƙwabtaka da wannan yanki, kuma wanda a da shi ne wurin da ake shiga da jif don kallon namun daji, rahotanni sun daɗe suna nuna cewa masu ɗauke da makamai sun samu mafaka a cikinsa. Tsofaffin turbobin da hukuma ba ta san da su ba, 'yan bindiga sun san su sarai, su suke bi.

A nan ne ya kamata a amsa wata magana da ake yawan ji, cewa gyara hanyar ƙauye buɗe wa ɓarayi ƙofa ne. Akasin haka ne. Ɗan bindiga a kan babur yake, shi ya sa ma gwamnatin jihar ta taɓa taƙaita sayar da wasu nau'o'in babura a 2021. Babur ba ya buƙatar kwalbati, turbar shanu ta ishe shi. Wanda ke buƙatar hanya shi ne sojan da ke cikin mota mai nauyi, da motar asibiti, da mutanen garin da za su gudu da tsofaffi da yara. Duk mashigin ruwan da ya yanke, sa'o'i ne aka ba maharin kyauta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan yanki tsagar sau da yawa rafi ne marar gada.

Saboda haka aikin farko shi ne a raba hanyoyin nan gida biyu, a daina cakuɗa su. Duk hanyar da ke kai mutane asibiti, ko makaranta, ko kasuwa, wajibi ne ta zama wadda ƙaramar motar haya za ta bi a tsakiyar damina ba tare da an fito an tura ba. Wannan ba ya nufin sai an zuba kwalta ko'ina. Injiniyoyin hanyoyin karkara sun daɗe da sanin cewa hanyar burji ba duka take mutuwa ba, wurare ƙalilan ne ke yanke ta: mashigin rafi, gindin fadama, gangaren da ruwa ke bi. Idan aka sa kwalbati inda ya dace, aka zuba siminti a ƙasan rafin da ba ya daɗewa da ruwa, aka ɗaga tsakiyar hanya yadda ruwa zai gangara gefe, aka haƙa lambatu aka kuma riƙa yashe shi, hanya mai tsawon kilomita 20 kan rayu da gyaran da bai kai kilomita 2 ba. Abokin gabar hanya ruwa ne kafin nauyi. A zamanin En'e akwai leburorin hanya da aka raba wa yanki-yanki, kowa da shebur da baro, yana cike rami tun yana ƙarami. A Nijar da Kamaru kuma an san shingen da ake sa wa hanyar burji bayan ruwan sama, a tsayar da manyan motoci na wasu sa'o'i har ƙasa ta sha iska. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar bashin ƙasar waje.

Abin da suke buƙata shi ne wanda zai ɗauki nauyi, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Najeriya na da hanyoyi kimanin kilomita 195,000, waɗanda na Gwamnatin Tarayya a ciki ba su wuce kimanin 35,000 ba. Mafi yawan sauran na ƙananan hukumomi ne, waɗanda Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gina hanyoyi da kula da su, amma kuɗinsu ya daɗe yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jihohi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan su kai-tsaye, aiwatarwa kuwa tana ta jan ƙafa. Ba kuma a rasa shirye-shirye ba. An yi DFRRI a 1986 zamanin Janar Babangida, an yi PTF zamanin Janar Abacha, kuma Neja na cikin jihohin da suka shiga kashi na biyu na shirin hanyoyin karkara na Bankin Duniya, RAMP, wanda aka amince da shi a 2012. Kowanne ya buɗe hanyoyi. Abin da ya gagara shi ne gireda ta dawo bayan an yanke kyalle an watse.

Ba kuma za a ce yankin ya rasa manya ba. Janar Mamman Kontagora ya riƙe Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje ta Tarayya shekaru da dama. Ahmed Musa Ibeto ya yi mataimakin gwamna daga 2007 zuwa 2015, Abubakar Sani Bello ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, yanzu kuma shi ke wakiltar Neja ta Arewa a Majalisar Dattawa. Wannan na nuna cewa samun ɗan gida a sama ba ya wadatarwa muddin tsarin kasafi ya fi son sabon aiki mai allon sanarwa fiye da yashe lambatu, wanda ba a kiran 'yan jarida a kansa. Gwamna Mohammed Umaru Bago, mai kiran kansa gwamna manomi, ya zuba kuɗi masu yawa a manyan tituna da injinan noma. A jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Najeriya, fiye da murabba'in kilomita 76,000, amfanin gonar da aka noma da tarakta zai ruɓe a ƙauye ko ya faɗa hannun ɗan baranda a rabin farashi matuƙar kanta ba ta iya shiga ta ɗauko shi. Akwai ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi cikin muradun ci gaba mai ɗorewa: kashi nawa na mutanen karkara ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da ke biyuwa rani da damina. Ya kamata gwamnatin jihar ta auna wannan a kowace ƙaramar hukuma, ta wallafa, a riƙa gani duk shekara ko yana hawa ko yana sauka. Majalisar dokokin jihar kuma ta riƙa ajiye lambobi biyu kusa da juna a lokacin kasafi: abin da aka ware don sayen motocin jami'ai, da abin da aka ware don kula da hanyoyin da suka sa ake cewa sai irin waɗannan motoci.

Kashi na biyu, wato turbobin tarihi, ba gireda suke so ba. Kariya daga gireda ma suke nema, da daga masu fasa dutse da masu haƙar zinariya da masu sare itace don gawayi. Abin da suke buƙata yanzu rubutu ne da taswira, kuma wannan aiki ne mai araha. Masarautar Kontagora, ƙarƙashin Sarkin Sudan Muhammad Barau Mu'azu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane kufai da kowace tsohuwar rijiya. Akwai jami'ar ilimi ta tarayya a Kontagora, akwai Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida a Lapai, akwai kuma takardun tsohon Lardin Kontagora a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ga Gidan Arewa a kusa. Ɗalibi da wayar hannu mai nuna wuri da na'urar ɗaukar murya zai iya zama da dattawan Ibeto da Nasko da Salka, cikin Hausa da Kambarci, ya tambaye su inda fatake ke yada zango, da inda ake fito, da dutsen da aka hau lokacin gudu, da sunan da ake kiran kowane wuri. Inda tsaro bai bari a taka ba, a fara da bakin waɗanda suka baro wuraren, da yawansu yanzu suna zaune a garuruwan bakin hanya. Sunayen wurare kansu shaida ne, duk garin da ake kira Zango ko Tunga yana ɗauke da labarin wanda ya fara sauka.

Idan Allah Ya kawo zaman lafiya, sa'annan a zauna a duba wace turba ce za ta iya ɗaukar mota, wace ce sai ƙafa ko doki, a rufe su da damina, a sa 'yan garin su zama jagorori, kuɗin shiga ya tsaya a hannun al'ummar da kakanninta suka fitar da hanyar. Wannan magana ce ta gaba.

Ta yanzu ita ce kalanda. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a zuba simintin kwalbati a cikin ruwan Agusta. Lokacin aiki a wannan yanki daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Kafin ruwa ya ɗauke, shugaban Ƙaramar Hukumar Magama da kansilolinsa za su iya zagayawa, ko a kan babur ne, su ƙirga wuraren da hanya ke yankewa a kowace mazaɓa tun laka na nan tana nuna su, su jera su bisa yawan mutanen da kowanne ke tsarewa, su liƙa jerin a sakatariyar Nasko da kasuwar Ibeto inda kowa zai gani, tare da kuɗin da aka ƙiyasta wa kowane ɗaya da watan da za a fara shi.